Auren Wuri da Yawan Iyali: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Ɗaukar Nauyi?

Kafin a shiga wannan darasi, ya kamata a karanta Littafin Farawa sura 29 da 30, sa'an nan a tsallaka zuwa sura 35. A can za mu ga gidan Yakubu, gida mai yawan jama'a irin wanda kowane magidanci a ƙasar nan zai yi sha'awa: 'ya'ya maza 12 da 'ya mace, Dinatu, daga mata huɗu. Daga wannan gida ne kabilan Isra'ila suka fito. Amma mai karatu da hankali zai lura marubucin bai ɓoye wahalar da aka sha ba. Lai'atu ta yi ta haihuwa tana sa zuciya ko mijinta zai ƙaunace ta. Bilha da Zilfa kuyangi ne, aka miƙa su ga Yakubu domin a ƙara yawan 'ya'ya, ba a kuwa rubuta cewa an nemi yardarsu ba. Rahila, wadda ta fi kowa ƙishin haihuwa, ta mutu cikin naƙuda a kan hanyar Efrata, watau Baitalami. Da numfashinta na ƙarshe ta raɗa wa jaririn suna Ben-oni, ma'anarsa ɗan baƙin cikina, amma uban ya sake masa suna Biliyaminu. Wurin uban, yaron ɗa ne na hannun dama. Wurin uwar, shi ne ajalinta. Dukansu biyu kuwa gaskiya suka faɗa.

Tambayar da ke gabanmu ke nan. Sa'ad da mu ke yabon auren wuri da yawan iyali, ko kuwa mu ke kushe su, da bakin wa mu ke magana?

Bari mu fara ba dattawa gaskiyarsu, gama ba wauta ce ta sa kakanni suka so gida cike da yara ba. Inda a ke noma da fartanya, hannu shi ne dukiya. Gandu ba ya tsayawa sai da 'ya'ya maza da ke aiki ƙarƙashin ubansu, su ci daga rumbu ɗaya, shi kuwa ya biya musu haraji, ya yi musu aure. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban da haka, manomi ba shi da fansho. In ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa su ne abincinsa da maganinsa, su ne kuma masu binne shi. Akwai wani dalili da ya fi waɗannan nauyi, watau mutuwar yara. A zamanin da agana da ƙyanda da zazzaɓi su ke share unguwa, macen da ta haifi takwas ba ta da tabbacin za ta ga huɗu sun girma. Shi ya sa a ke cewa haihuwa maganin mutuwa. Zabura ta 127 kuma tana kwatanta 'ya'yan da mutum ya haifa cikin ƙuruciyarsa da kibau a hannun jarumi, gama su ne za su tsaya masa ranar da ya ke bukatar mai tsaya masa.

Kada kuwa mu ɗauka ƙasashen da suka bar wannan hanya sun huta. A Koriya ta Kudu, wajen 1960 mace ta kan haifi 'ya'ya kamar shida, amma a 2023 lissafin ya faɗi zuwa 0.72, watau mata huɗu ba su kai ga haifar yara uku a tsakaninsu ba. Ana rufe makarantu a ƙauyukansu domin rashin yara. A Japan har suna da kalma ta musamman domin tsohon da ya mutu shi kaɗai a ɗakinsa, ba wanda ya sani sai bayan kwanaki. Ƙasar Sin ta tilasta wa yawancin iyalai haihuwar ɗa ɗaya tun wajen 1980, ta janye dokar a ƙarshen 2015, yanzu kuwa lallashin mutane ta ke yi su haihu. Yaron da ya tashi ba wa, ba ƙane, ba kawu, ba gwaggo, ya rasa wata makaranta wadda kuɗi ba ya saye. A babban gida ne a ke koyon haƙuri da raba tuwo, da goyon ƙanne, da jinyar tsofaffi. Wanda ya rena wannan bai san darajar zumunci ba.

Haka kuma aure da ƙuruciya yana da nasa amfani. Manzo Bulus ya shawarci Korintiyawa cewa wanda ba zai iya kame kansa ba gara ya yi aure. Saurayi da budurwa da suka haɗu suna da shekara 20 ko 22 su kan gina gidansu tare tun daga tushe, su yi renon 'ya'yansu da sauran ƙarfinsu, kakanni kuma suna da rai su taimaka. A ganinmu iyayen da ke tsawwala sadaki da kayan lefe har saurayi ya kai shekara 35 bai iya aure ba, suna da nasu alhaki.

Amma fa a nan ne ya wajaba mu tsaya mu rarrabe, domin kalma ɗaya tana rufe abubuwa biyu. Auren mai shekara 21 daban, auren mai shekara 13 daban. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna rabin mata sun riga sun yi aure a wajen shekara 19, su kuwa maza sai kusan 28. Ya kuma nuna cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 43 cikin 100 an aurar da su kafin su cika 18. Ashe auren wuri da mu ke magana a kai, yawanci na 'yan mata ne kaɗai. Namiji ya kan jira ya gama koyon sana'a, ƙashinsa ya yi ƙwari. Yarinyar ce a ke cewa ba ta iya jira.

Abin da ke faruwa cikin jikinta ya kamata kowane dattijon ikilisiya ya sani, ko da ya ke magana ce da mu ke jin kunyarta. Yarinya ta kan fara al'ada tun ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, balle wadda ta tashi da ƙarancin abinci. In ta yi ciki, ranar haihuwa kan jaririn ya kan kasa wucewa. Naƙuda ta yi kwana biyu, ko uku. Kan jaririn yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Sau da yawa jaririn ma ya kan mutu a ciki. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube, ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari. A 2004 likitoci suka wallafa abin da suka gani ga mata 899 da aka yi wa jinya a asibitin Evangel na Jos, wanda mutane ke kira Jankwano. Yawancinsu gajeru ne marasa nauyi, matalauta daga ƙauye, ba su yi makaranta ba. Matsakaicin shekarun aurensu 15 da rabi. Da yawa kuma mazansu sun sake su ko sun rabu da su bayan ciwon ya same su. A Babbar Ruga ta Katsina, wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi shekaru masu yawa yana ɗinke irin wannan rauni ga dubban mata. Ba ƙuruciya kaɗai ke kawo ciwon ba. Nisan asibiti, da rashin mota, da jiran izinin mai gida, duk suna da hannu. Amma ƙuruciya ita ce a hannun iyaye.

To, mu auna. Uban yarinya ya sauke nauyin ciyar da ita, ya kuma huta da tsoron abin kunya. Gidan miji sun sami mai daka da ɗebo ruwa. Ita kuwa ta bar makaranta, ta ɗauki haɗarin a jikinta. Riba ta tafi wurin waɗanda suka yanke shawara, hasara ta faɗa kan wadda ba a tambaya ba. Ko a kasuwa, ba mu kiran irin wannan ciniki adalci. Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta sa shekara 18 ta zama iyakar aure, amma doka a takarda ba ta shiga zaure inda a ke raba goro. Wanda kuma ya ke so ya kafa hujja da Littafi Mai Tsarki, sai ya lura ba a ba da umurni kan shekarun aure a cikinsa ba. Ba a faɗi shekarun Rifkatu ba, ba a faɗi na Maryamu ba. Na Ishaku ne aka faɗa: yana da shekara 40 ya yi aure, yana da 60 aka haifa masa tagwaye, su ke nan kuwa 'ya'yansa, alkawarin Allah bai ragu ba saboda ƙarancinsu.

Batun yawan 'ya'ya ya fi wannan wuyar yankewa, ba kuwa za mu sa wa kowa adadi ba. Sai dai dalilan kakanni sun sauya, ko da ya ke ba duka ba. An shelanta ƙarewar agana a duniya a 1980, akwai kuma allurar ƙyanda. Har yanzu yara suna mutuwa da yawa: binciken 2018 ya ce cikin 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar ba. Amma yawanci suna rayuwa, jama'a kuwa tana ƙaruwa. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum wajen miliyan 55, ta 2006 miliyan 140, yau kuwa an haura miliyan 200. Ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Gonar da ta ciyar da kaka da iyalinsa, in an raba wa 'ya'ya shida, su kuma suka raba wa nasu, jika ba zai sami abin da ya wuce bayan ɗaki ba. Ɗan da dā ya ke ƙara hatsi a rumbu yana da shekara goma, yau kuɗin makaranta ya ke bukata har ya kai ashirin. Mu kan ji ana cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah shi ne mai ciyarwa, amma ya kan ciyar da yaro ta hannun uba da uwa. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 5, Bulus ya yi magana mai zafi ƙwarai kan mutumin da ba ya kula da mutanen gidansa. Wanda ya haifi goma, ya bar bakwai ga titi, ba dogara ga Allah ya yi ba, ɗora wa waɗansu kayansa ya yi.

Wani abin mamaki shi ne, kakannin da mu ke fakewa da su sun fi mu tsari. Mace ta kan shayar da yaro wajen shekara biyu kafin yaye, a wurare da yawa kuma ta kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta daɗe a can. Wadda ta yi rurrutsa, watau ta ɗauki ciki tana goyo, ta kan sha gori wurin tsofaffin mata, mijinta ma bai tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan taron masana da ta kira a 2005, ta ba da shawara a dakata aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki. Abin da tsohuwar ungozoma ta sani ke nan tun dā. Mun riƙe son yawan 'ya'ya, mun yar da hutun da ya sa uwa ta iya ɗaukarsa.

Saboda haka, in an kawo maganar aure gaban dattawa, bai isa a tambayi waliyyi ko an biya sadaki ba. Sai a san shekarun yarinyar, a kuma sa wata dattijuwa daga zumuntar mata ta keɓe da ita, ta ji daga bakinta ko tana so, ko kuwa tsoro ne ya rufe mata baki. In tana makaranta, a tambayi mai neman ko zai bar ta ta gama. In ciki ya zo, a san tun da wuri asibitin da za a kai ta da kuɗin motar, kada a bari sai rana ta faɗi sau biyu tana durƙushe. Mai gida kuwa da ke marmarin ƙarin ɗa, ya fara zama da matarsa ya tambaye ta yadda jikinta ya ke tun haihuwar da ta wuce.