Darasi: Sulhu, Ramuwa da Maido da Mai Laifi

Karatu: Luka 19:1-10, Fitowa 22:1-6, Wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon.

Ayar haddacewa: Galatiyawa 6:1.

Manufa: Mu koyi yadda masu bi za su raba gardama, su share hawayen wanda aka cuta, su kuma komo da mai laifi kan hanya, ba tare da sun binne gaskiya ba.

Gabatarwa

'Yan'uwa, bari mu sa wani al'amari a gabanmu, irin wanda ba a rasa shi cikin garuruwanmu. A ce akwai wata gwauruwa cikin ikkilisiyarmu, tana da 'ya'ya huɗu, ba ta da abin dogara sai keken ɗinki. Wani dare sai wani saurayi, wanda uwarsa ke zama benci ɗaya da ita a zumuntar mata, ya ɓalle ƙofar shagonta, ya ɗauke keken, ya sayar a wata kasuwa, ya ci kuɗin. Bayan kwana uku asiri ya tonu, aka kama shi.

To, me za mu yi? Waɗansu za su ce a bar shi da hukuma, ya ɗanɗana kuɗarsa. Amma mun sani, shekaru da yawa ke nan, wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a su ke yi, ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Yaron nan zai yi watanni tare da riƙaƙƙun ɓarayi, gwauruwa kuma ta ƙarar da ɗan abin hannunta wajen kuɗin mota zuwa kotu. Ko an ɗaure shi, keken ba zai komo ba. Waɗansu kuwa za su taru a gidanta su ce, "Mama, ki yi haƙuri, ki bar wa Allah." Ita kuwa ta yi shiru don kunyar dattawa, 'ya'yanta su kwana da yunwa, yaron kuma ya koyi cewa sata ba ta da tsada.

Dukan hanyoyin nan biyu sun bar gwauruwa hannu wofi, sun kuma bar yaron cikin halinsa. Maganar Allah tana nuna mana wata hanya dabam.

1. Allah yana fara duban wanda aka cuta

Mu lura da Shari'ar Musa. Ba ta sa kurkuku ya zama hukuncin ɓarawo ba, biya ta sa masa. Cikin Fitowa 22, wanda ya saci sa, ya yanka ko ya sayar, zai biya shanu 5. In tunkiya ce, tumaki 4. In kuwa an iske dabbar da rai a hannunsa, sai ya biya ninki biyu. Wanda ya saki dabbobinsa suka ci gonar wani, daga mafi kyaun amfanin gonarsa zai rama. Wanda ya kunna wuta ta ƙetare ta cinye hatsin maƙwabci, shi zai biya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama mun saba ganin mai unguwa da arɗo su tafi gona tare, su duba ɓarna, su ƙimanta, a biya, kowa ya koma gidansa.

Littafin Firistoci 6:1-7 ya ƙara mana haske. Mutumin da ya ci amana, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abin wani ya yi musu, zai mayar da abin cikakke, ya ƙara humushi a kai, watau kashi ɗaya cikin biyar, kāna ya kawo ragon hadayarsa wurin firist. Ubangijinmu Yesu ya bi wannan jeri cikin Matta 5:23-24, inda ya koya cewa mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa ya shirya da shi. Ashe ƙofar gidan gwauruwa tana gaba da ƙofar majami'a.

2. Tuba ta gaskiya tana buɗe hannu

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya kuwa yi arziki da gumin talakawa. Sa'anda Yesu ya sauko da shi daga itacen ɓaure, ya shiga gidansa, jama'a suka yi gunaguni. Mu lura, tun Zakka bai biya ko anini ba Yesu ya karɓe shi. Amma alherin nan bai bar shi yadda ya ke ba. Ya miƙe tsaye a gaban mutane, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma rama ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. A nan ne Yesu ya shaida cewa ceto ya sauka a gidan, ya kuma lissafta shi cikin 'ya'yan Ibrahim.

Abu uku mu ke gani a nan: amsa laifi a fili, ramuwa ga wanda aka cuta, da komowa cikin jama'a. Kamar duwatsun murhu su ke, in an zare ɗaya tukunya ba ta zama. Saurayin da ya yi kuka a gaban dattawa, amma ya ƙi yin gumi domin ya biya keken, kunyar kamu ce ta sa shi kuka. Zakka da bakinsa ya yi alkawarin rama wa waɗanda ya cuta.

3. Yadda za a zauna sulhu

Cikin Matta 18:15-17 Ubangiji ya ba mu matakai: a fara magana tsakanin mutum biyu, in bai yiwu ba a ɗauki shaida ɗaya ko biyu, daga nan a kai gaban ikkilisiya. Bulus kuma ya tsauta wa Korintiyawa (1 Korintiyawa 6:1-8) domin suna jan juna gaban mahukunta a kan al'amuran yau da kullum, sai ka ce babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu.

Domin wannan, in za a zauna maganar gwauruwa, a zaɓi mutum biyu ko uku masu tsoron Allah, waɗanda ba dangin kowa ba, a kuma sa dattijuwa a cikinsu, don kada matar ta zauna ita kaɗai a gaban maza. A fara tambayarta ko ta yarda da zaman, gama sulhun dole zalunci ne na biyu. Ita za ta fara magana, ta faɗi hasararta duka: keken, da ɗinkin mutane da ya tsaya, da barcin da ta daina yi. Yaron ya ji da kunnensa, ya amsa da bakinsa, ba kawunsa ya yi magana dominsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Daga nan a rubuta abin da aka shirya: nawa zai biya, a wane wata, wane aiki zai yi ya sami kuɗin, wa ya tsaya masa. In magana ta riga ta shiga hannun 'yan sanda ko kotu, sai a kai musu takardar a fili, a bar alƙali ya duba. Kada a bi ta bayan gida da toshiyar baki.

Kada mu zaci wannan hanya gāba ce da hukuma. A shekarar 1974, a garin Elmira na ƙasar Kanada, waɗansu samari biyu suka bugu, suka yi ɓarna a wurare 22 cikin dare ɗaya. Wani ma'aikacin kotu mai suna Mark Yantzi, Kirista ɗan ɗarikar Menonayit, ya roƙi alƙali a sa su fuskanci waɗanda suka yi wa ɓarna. Aka bi da su gida gida, suka ji hasarar kowa, suka biya. Daga wannan ƙaramin mafari shirin haɗa mai laifi da wanda aka cuta ya bazu cikin ƙasashe da yawa.

A ƙasarmu ma ƙofa a buɗe ta ke. A 2002 aka kafa zauren sulhu a ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Legas, waɗansu jihohi kuma suka bi sawu. Dokar Tarayya ta gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ba alƙali ikon sa mai laifi ya biya diyya, ko ya yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko ya sa shi aikin hidimar jama'a maimakon kurkuku. Jihohi kuma sun yi irin tasu. A 2019 aka sake wa hukumar gidajen yari suna, ta zama ta gyaran hali, dokar kuma ta ambaci sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta, da zaman iyalai, cikin ayyukan hukumar. Ya kamata dattawan ikkilisiya su san waɗannan, domin su iya ba da shawara mai kyau.

4. Inda sulhu ya tsaya

A nan wajibi ne mu yi magana da rawar jiki, gama mun yi kuskure a wannan wuri ba sau ɗaya ba. Akwai laifin da ba shi da wurin ɓuya cikin ofishin fasto: kisan kai, fashi da makami, fyaɗe, lalata da yara, da dukan da ke sa ran mace cikin hatsari. Romawa 13:1-4 ta koya mana cewa mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mugunta. Dokar 2015 ɗin nan ma ta hana ɗaurin je-ka-gyara-halinka da aikin hidimar jama'a ga laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara 3.

Mu tuna da Tamar cikin 2 Sama'ila 13. Sa'anda Amnon ya ɓata ta, wanta Absalom ya ce ta yi shiru, tun da ya ke maganar gida ce. Sarki Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai hukunta ba. Tamar ta zauna a kaɗaice cikin baƙin ciki. Bayan shekara 2 Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya kuma mulkin kansa ya girgiza. Miki ne aka rufe da ruɓa a ciki.

In an ɓata yarinya, mu kuwa muka karɓi akuya da 'yan kuɗi muka ce an shirya don kada sunan ikkilisiya ya ɓaci, mun sayar da ita ke nan, mun kuma miƙa wa mai laifin 'yar wani. Abin da ya wajaba shi ne a kai ta asibiti nan da nan, a sanar da hukuma, a tsaya tare da iyayenta har ƙarshe. Wanda aka cuta yana iya gafartawa daga zuciya sa'anda Allah ya ba shi iko, shari'a kuma ta yi aikinta. Ɗayan bai hana ɗayan ba.

5. Bayan hukunci, sai maidowa

Onisimus bawa ne da ya gudu daga ubangijinsa Filimon, da alama kuma ya bar masa hasara. Ya sadu da Bulus yana ɗaure, ya ba da gaskiya. Bulus bai ɓoye shi ba, ya mayar da shi da wasiƙa a hannu, yana roƙo a karɓe shi kamar ɗan'uwa. Bai kuma ce wa Filimon ya manta da hasararsa ba. Ya ce a lissafta bashin a kansa, shi zai biya, ya sa hannunsa a takarda. Wane ne cikinmu zai tsaya wa yaron nan haka?

Mutumin da ya fito daga gidan yari yakan iske ƙofofi a rufe: ba aiki, ba mai ba shi 'ya, ba mai zama kusa da shi a majami'a. In muka bar shi haka, tsoffin abokansa ba za su bar shi ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Cikin 2 Korintiyawa 2:5-11 Bulus ya umurci ikkilisiya ta ta'azantar da wanda aka hora, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Saboda haka horon ikkilisiya ya kasance da ranar ƙarewa. Kafinta ko makaniken da ke cikinmu ya ɗauki yaron ya koya masa sana'a. Wani dattijo ya riƙa zuwa wurinsa kowane mako. In shaye-shaye ne tushen satar, a nema masa magani a asibiti. Amma kada a ba shi riƙon jakar baiko a wata na fari, gama amana da kaɗan kaɗan a ke gina ta.

Ita ma gwauruwa tana bukatar maidowa. Basamariyen nan na Luka 10 bai tsaya ga ɗaure raunuka ba. Ya kai mutumin masauki, ya bar dinari 2, ya kuma yi alkawarin komowa. Kafin yaron ya gama biya, zumuntar mata ta ara mata keke, matasa su gyara ƙofar shagon, a riƙa leƙa ta har tsoro ya sake ta.

Kammalawa

Mu duka masu laifi ne da aka sulhunta. Allah bai ce zunubinmu ba kome ba ne, bai kuwa yashe mu ba. Yesu Kristi ya ɗauki bashin a kansa, ya biya a bisa gicciye, ya kuma danƙa mana hidimar sulhu (2 Korintiyawa 5:18-19). Ranar da gwauruwa ta koma ɗinkinta, yaron kuma ya kawo biyan ƙarshe da gumin kansa, su biyu suka karɓi Jibin Ubangiji a teburi ɗaya, ranar ce garinmu zai ga bisharar da mu ke wa'azinta.

Tambayoyi

1. Bisa ga Littafin Firistoci 6, me mai laifi zai fara yi kafin ya kawo hadayarsa? Don me?
2. Ina bambanci tsakanin "ki yi haƙuri" da sulhu na gaskiya?
3. Waɗanne laifuffuka ne ba za mu rufe cikin ikkilisiya ba? Me labarin Tamar ya koya mana?
4. Akwai wani a unguwarmu da ya fito daga gidan yari, ko wanda aka cuta aka manta da shi? Me za mu yi masa cikin makon nan?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai da ka sulhunta mu da kanka ta wurin Ɗanka, ka gafarta mana inda muka rufe bakin wanda aka cuta, da inda muka rufe ƙofa ga wanda ya tuba. Ka ba dattawanmu hikima, ka ba alƙalan ƙasarmu adalci, ka ta'azantar da masu kuka, ka kuma tuna da waɗanda ke ɗaure. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.