Shin Rage Wa Mai Ciwon Daji Raɗaɗi Rashin Haƙuri Ne?

Sau da yawa mukan ce wa mai ciwon daji ya yi haƙuri, alhali yana kwana yana nishi. Haƙuri ibada ne, amma bai hana neman magani ba. Malaman fiƙihu sun halatta ko da mai gusar da hankali ne, idan lalura ta kama, gwargwadon buƙata.

To, wa ya san gwargwadon? Daga nan Gure zuwa cibiyar gashin daji da aka buɗe a Yamai a 2021 ya fi kilomita 1000. Sai iyalai su koma ga masu tallan taramol, kuɗi su ƙare, ciwo bai lafa ba. Wannan almubazzaranci ne.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara maganin raɗaɗi hawa 3, daga farasitamol zuwa morfin. Likita ke rubutawa, masanin farmasi ya bayyana adadi da lokacin sha da magungunan da ba a haɗawa. Tambayarsa ta fi sayen ƙwaya a makance araha.

Rai da hankali da dukiya amana ce a wuyanmu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.