Kalma Ɗaya, Hawa Iri-iri

Farkon zuwana Ingila, wani ɗan'uwa ya ce in same shi a High Street. Na fita ina laluben titi mai hawa, sai na tarar da shi a shimfiɗe kamar faifai. Ashe a nan kalmar "high" babban titin gari take nufi, inda shaguna suke jere. Tun daga ranar na sa mata ido.

Da ita Turawa suke siffanta dutse, kamar Ben Nevis na Sikotland mai tsayin mita 1,345, amma dogon mutum wata kalmar ce tasa. Tana cikin sunan babbar kotu, da na ofishin jakadancin Najeriya a Landan, da laƙabin 'ya'yan sarauta. Da ita likita yake shaida maka jininka ya hau, mai shago kuma ya ce farashi ya tashi.

Wata rana ɗana mai shekara 15 ya dawo daga makaranta, ya ce an samu abokinsa "high" a aji. Na ce masha Allahu, a zatona yaron ya zo na ɗaya ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, wiwi ya sha." Daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Hausa ta raba waɗannan abubuwa: tsawo daban, girma daban, ɗaukaka daban, maye daban. To amma haɗuwarsu a kalma guda ta tuna mini da wata gaskiya. Mashayi yana jin kansa a sama, haka mai girman kai, haka wanda ya ɗaukaka da gumin goshinsa. Jin ba ya bambanta su. Abin da yake bambanta su shi ne abin da ke ƙarƙashinsu. Dutse yana da gindi, shi ya sa yake kwana inda ya wuni. Jifa kuwa, komai nisansa ƙasa zai faɗo.

'Yan'uwa, neman hawa ne ya fito da mu daga gida: digiri, albashi, muƙami. 'Ya'yanmu suna ganin muna yaba duk wanda ya hau, ba mu cika tambayar da me ya hau ba. Washegari na zaunar da ɗana, muka yi wannan magana. Na kuma roƙe shi kada ya guji abokin nasa, domin wanda ya faɗo yana buƙatar mai tare shi.