Alhakin Ƙofar da Aka Buɗe

Sana'ata saka kyamarar tsaro a gidajen Dutse Alhaji, kuma tambaya ɗaya ke damuna: in ƙofa ta jawo ɓarna, alhakin wa?

Na'urar rarraba intanet ta gida takan ara wa kowace waya da kyamara lambar adireshi. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, lambar na iya sauyawa, mai gida ya kasa ganin gidansa daga wurin aiki. Sai in kafe wa kyamarar lamba ɗaya, kamar 192.168.1.50, in buɗe mata ƙofa ta 554 zuwa waje.

To, ƙofar ba ta san mai gida ba. Duk wanda ya dace da kalmar sirri zai ga uwargida tana shanya ba mayafi, yara suna wanka a baho. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba izini, kuma a ganina leƙe ma shiga ne.

Shi ya sa ba na yarda a bar kalmar sirrin da ta zo da kyamarar, a ce Allah zai kiyaye. Tawakkali bayan ƙoƙari yake zuwa. Sirrin iyalin mutum amana ne a hannuna, kuma za a tambaye ni ranar gobe.