Hukuncin Alƙali Ba Ya Halatta Haram

Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da ya hana wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, maganar wannan mako a kan shari'a take, watau yadda aka jera kotunan ƙasar nan hawa hawa, da yadda alƙali yake yanke hukunci, da abin da ya rage a wuyan Musulmi bayan an tashi daga majalisar alƙali. Dalilin maganar kuwa shi ne, mutane da yawa suna zaton wanda kotu ta ba gaskiya ya tsira ke nan duniya da lahira, alhali kuwa ba haka al'amarin yake ba.

A ɗauki misalin wani manomi a Furfuri, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wanda rigimar gonar gado ta haɗa shi da 'ya'yan ɗan'uwansa marayu. Farkon inda zai kai ƙara shi ne kotun Shari'a ta yankinsa. Waɗannan kotuna su ne suka maye gurbin kotunan yanki a Jihar Zamfara bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga watan Oktoba 1999, aka fara aiki da ita cikin watan Janairu 2000. In hukunci bai gamshe shi ba, sai ya yi afil zuwa babbar kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Gusau, wadda Alƙalin Alƙalai yake shugabanta, alƙalai uku a ƙalla suke zama a kan kowace ƙara. Asalin irin wannan kotu tun 1960 ne a tsohuwar Jihar Arewa, kuma Shehu Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi ta ƙasar Zamfara, ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962.

Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa hurumin wannan kotu: aure da saki, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Kotunan Tarayya sun sha yanke hukunci cewa huruminta bai wuce wannan ba. Saboda haka in rigimar ta cinikin fili ce ko bashi, Babbar Kotun Jiha ce mai karɓar afil ɗin. Mutane da yawa sun yi asarar shekaru da dukiya don rashin sanin wannan bambanci.

Daga Gusau sai ƙara ta fita hannun jiha ta shiga hannun Tarayya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da reshe a Sakkwato mai kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara. A taron tsara Tsarin Mulki na 1978 wakilai Musulmi sun nemi a kafa kotun afil ta Shari'a ta Tarayya, har suka fice daga zauren taro, amma ba a kafa ta ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne, duk ƙarar da ta fito daga kotun Alƙalin Alƙalai, jojoji uku masana shari'ar Musulunci ne za su zauna a kanta. Hawa na ƙarshe shi ne Kotun Ƙoli a Abuja, inda jojoji biyar suke zama, ko bakwai in maganar fassarar Tsarin Mulki ce. Tun 1963 aka daina kai afil Ingila. Mutanen Zamfara sun ga ƙarfin wannan kotu ran 24 ga watan Mayu 2019, sa'ad da ta rushe nasarar jam'iyyar APC a zaɓen jihar, a shari'ar da ta faro daga Gusau ta bi ta Sakkwato.

Duba hukunci don gyara shi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. A Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, Allah ya ba da labarin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, sa'ad da suka yi hukunci a kan gonar da tumakin wasu mutane suka yi wa ɓarna da dare. Allah ya fahimtar da Sulaimanu matsalar, amma ya yabi dukkansu da ilimi da hukunci. Haka kuma Sayyidina Umar, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana gare shi yau.

To, yaya alƙali yake yanke hukunci? Kotunan Shari'a na ƙasar nan mazhabar Maliku suke bi, da littattafai irin su Risala da Muhtasar da Tuhufa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano don shiryar da mahukunta. Aikin alƙali na farko shi ne ya rarrabe mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa. Mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa. Shaidu adilai biyu ake nema, amma a sha'anin dukiya ana karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Ana ba abokin shari'a dama ya soki shaidun. Kafin hukunci kuma dole a yi i'izari, watau a tambayi mutum ko yana da sauran hujja, kuma kotunan sama sun rushe hukunce-hukunce da yawa don an tsallake wannan. An hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, an umurce shi ya daidaita masu husuma a wurin zama da kallo da sauraro.

Su kuwa jojojin afil, galibi ba su sake kiran shaidu. Kundin shari'ar da aka rubuta a ƙasa suke karantawa, su saurari lauyoyi, su duba ko an bi doka da hukunce-hukuncen kotunan da ke samansu, sa'an nan a ɗauki ra'ayin masu rinjaye. Ma'anar wannan ita ce, in ƙarya ta shiga kundi tun daga kotun farko, da bakin shaidar zur, tana iya hawa har Abuja ba wanda ya gane ta.

A nan ne tsoron Allah yake da aiki. A hadisin Ummu Salama, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, kuma wani yakan fi wani iya tsara hujja. Wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. In haka ne a gaban Annabi, ina ga gaban alƙalin Bunguɗu ko jojin Sakkwato? Alƙali da zahiri yake aiki. In ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure yana da lada, amma wanda ya yaudare shi ba shi da mafita. Manomin nan na Furfuri, in ya san gonar ta marayu ce, to takardar kotu ba ta tsarkake masa geron da zai noma a cikinta, ko da hatimin Kotun Ƙoli ne a kanta. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta kwatanta cin dukiyar marayu da cusa wuta a ciki.

Akwai kuma wani zalunci da ya yi yawa, shi ne mai hali ya riƙa ɗaukaka ƙara yana sane ba shi da gaskiya, don dai kuɗin mota da na lauya su gajiyar da talaka ya haƙura. Damina tana zuwa tana wucewa, gona tana kwance, zumunci yana lalacewa. An buɗe ƙofar afil don wanda aka zalunta ne, wanda ya mai da ita makamin wahalar da raunana zai amsa tambaya.

Saboda haka ya wajaba ga mai ƙara ya tambayi zuciyarsa kafin ya tambayi lauya. Ya wajaba ga mai shaida ya faɗi abin da ya gani kawai, ko da a kan kansa ne ko iyayensa, domin Annabi ya lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai tare da shirka da saɓa wa iyaye. Ya wajaba ga alƙali ya tuna hadisin Buraida, wanda ya kasa alƙalai kashi uku, kashi ɗaya kaɗai ke shiga Aljanna, shi ne wanda ya san gaskiya ya yi hukunci da ita. Dattawa da limamai kuma su tsaya a kan sulhu tun magana ba ta bar zaure ba.

Allah ya shiryi alƙalai da mahukunta, ya tsare Musulmi daga cin haƙƙin juna, ya zaunar da ƙasar Zamfara da Nijeriya lafiya, amin.