Amanar Alƙaluma

A shekarar 2012 aka bai wa wani ɗalibi mai suna Thomas Herndon, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka, aikin aji mai sauƙin faɗa: ya zaɓi maƙalar da manyan masana suka wallafa, ya sake lissafinta da kansa, ya ga ko zai isa inda suka isa. Ya zaɓi maƙalar Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff ta 2010, wadda ta nuna cewa idan bashin da ake bin gwamnati ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara, tattalin arzikinta kan tsaya, har ya ɗan ja da baya. A lokacin 'yan siyasa a Turai da Amurka suna kafa hujja da wannan adadi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati, alhali miliyoyin mutane ba su da aikin yi. Herndon ya yi ta lissafi watanni, abin ya ƙi fita. Daga ƙarshe ya roƙi marubutan, suka aiko masa da ainihin jadawalin Excel ɗin da suka yi aiki da shi. A nan ya ga an tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa, Michael Ash da Robert Pollin, suka gyara wannan, suka mayar da wasu shekarun da aka bari a waje, suka sake auna nauyin kowace ƙasa, sai ja da baya na kashi 0.1 ya koma ci gaba na kashi 2.2. Suka wallafa sakamakon a watan Afrilun 2013.

Galibi idan ana ba da wannan labari, dariya ake yi wa manyan biyu. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne sun miƙa jadawalin. Sun amsa kuskuren layukan, ko da yake sun ci gaba da kare jigon ra'ayinsu. Da sun ce wannan gumin goshinmu ne, ba mai gani, da mai yiwuwa kuskuren ya daɗe a ɓoye. To, adadin da masani ya tara da wahalarsa, da zanen da ya fitar daga cikinsa, na wa ne? Idan nasa ne kamar gonarsa, yana da ikon kewaye shi da shinge. Idan na kowa ne kamar ruwan rafi, kowa na iya ɗiba ba sallama. Ina ganin duka biyun sun kauce. Alƙaluman bincike amana ce, ita kuwa amana tana ɗaure mutum biyu: wanda ya bayar da wanda ya karɓa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama a zauren karatu. Malaman hadisi sun shafe ƙarnoni suna fama da tambaya mai kama da wannan: ta yaya za a yarda da labarin da ba a ji da kunne ba? Amsarsu ita ce isnadi, wato a jero sunayen waɗanda labarin ya biyo ta hannunsu har zuwa tushe. Sannan suka gindaya wa marawaici sharuɗɗa biyu: adalci, kada ya zama maƙaryaci, da kiyayewa, kada ya zama mai yawan mantuwa ko rikita abin da ya ji. Mutumin kirki yana iya faɗuwa a sharaɗi na biyu ba tare da an taɓa mutuncinsa ba. Sun kuma san ijaza, izinin da malami ke bai wa ɗalibi ya ruwaito daga gare shi. Gaskiya ne kimiyya tana da wata ƙofa ta daban, domin ana iya sake gwaji a ga ko sakamakon zai maimaita kansa. Amma mai karanta mujalla ba ya sake gwajin. Likitan da zai rubuta magani da ministan da zai tsara kasafi, duka yarda suke yi. Saboda haka tsofaffin tambayoyin nan uku suna nan daram: shin mai maganar ya kiyaye, shin ya yi gaskiya, kuma da izinin wa ya ɗauko?

Labarin jadawalin bashi na kiyayewa ne. Na adalci ya fi shi muni. A 2016 wata masaniyar ƙananan halittu, Elisabeth Bik, tare da abokan aikinta biyu, ta wallafa sakamakon duba hotunan da ke cikin maƙaloli 20,621 daga mujallu 40. Da ido ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A kashi 3.8 cikin 100 na maƙalolin ta sami hoton da aka maimaita a inda bai kamata ba, kuma aƙalla rabin waɗannan suna da alamun ganganci: an juya hoton, ko an gusa shi, ko an kwafi wani yanki an manna a wani wuri, sannan aka gabatar da shi a matsayin sakamakon wani gwaji daban. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan haɗarin yake. Mutum yakan yi gardama da jimla, amma da wuya ya yi gardama da hoto. Wanda ya gyara hoto don ya dace da abin da yake so ya ci amanar idon mai karatu, ya kuma ɗora wa wani ɗalibi a wata ƙasa shekarun banza yana neman abin da babu shi.

Tambaya ta uku, ta izini, ta fi wuyar warwarewa, domin a nan alƙaluman gaskiya ne, abin da aka gina a kansu ma gaskiya ne. A watan Mayun 1952, a Kwalejin King's da ke Landan, Raymond Gosling, ɗalibin da ke aiki ƙarƙashin Rosalind Franklin, ya ɗauki hoton sinadarin gado na DNA wanda aka sani da Hoto na 51. A watan Janairun 1953 Maurice Wilkins ya nuna wa James Watson hoton ba da sanin Franklin ba. Ba da jimawa ba wani rahoto mai ɗauke da ma'aunanta ya isa hannun Francis Crick a Kambirij. Ranar 25 ga Afrilun 1953 mujallar Nature ta buga maƙalar Watson da Crick a kan siffar DNA, ta biyo ta da wasu biyu, ta ƙarshensu ta Franklin da Gosling, har mai karatu zai ɗauka aikinta ya zo ne don gaskata abin da wasu suka riga suka gano. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37. A 1962 aka bai wa Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel. Masana tarihi suna saɓani a kan ko a kira abin sata, domin rahoton ba na sirri ba ne. Sai dai ko da ƙofa a buɗe take, mai shiga gidan mutane yakan yi sallama, idan ya fito da wani abu kuma ya faɗi inda ya samo shi. Godiyar da ke ƙarshen maƙalarsu ba ta nuna girman dogaron da suka yi da ma'aunanta ba.

Daga nan ne hujjar masu rowar alƙaluma take samun ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa mai bayarwa shi ke kwana a ciki. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano wani sabon nau'in ƙwayar cutar korona, suka sanar da duniya cikin 'yan kwanaki, suka saka bayanan ƙwayar inda kowane mai bincike zai gani. Ranar 26 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa masa suna Omikron. Sakayyar da suka samu ita ce ƙasashe da dama suka rufe ƙofa ga matafiya daga kudancin Afirka, a farkon Disamba kuma Birtaniya ta ƙara Nijeriya a jerin. Daga baya hukumomin Holan suka gano nau'in a samfuran da aka ɗauka a ƙasarsu tun kafin sanarwar. Shekaru kafin haka, a 2007, Indonesiya ta dakatar da aika samfuran murar tsuntsaye ga Hukumar, bisa hujjar cewa kamfanoni suna yin allurar riga-kafi da su, su sayar a farashin da ƙasar da ta bayar ba za ta iya biya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, wane wa'azi zai sa ya sake buɗe hannu?

Duk da haka ban yarda ɓoyewa ce mafita ba. Alƙaluman cuta daga jinin marasa lafiya aka samo su, kuma sun bayar ne don a taimaki wasu. Alƙaluman bashi daga rayuwar talakawa aka tattaro su, da kuɗin harajinsu ake biyan masu bincike da yawa. Masani ɗan tsakiya ne tsakanin waɗanda suka bayar da waɗanda za su amfana, ɗan tsakiya kuwa ba shi da ikon riƙe saƙo don wani ya taɓa cutarsa. Abin da labarin Omikron ya tona shi ne cewa an daɗe ana yi wa mai bayarwa wa'azi, an bar mai karɓa ba sharaɗi. Inda aka ɗaure ɓangarorin biyu, tsarin ya yi aiki. A taron Bamuda na 1996 masu aikin karanta jerin gadon ɗan Adam suka yi alkawarin sakin abin da suka karanta cikin sa'o'i 24, kowa ya bayar, kowa ya ɗiba. Turjiyar Indonesiya ma ta kai ga yarjejeniyar 2011, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke amfana da samfuran mura su ba da gudummawar kuɗi, su kuma ware wani kaso na allurai ko magunguna don lokacin annoba. Ba a cim ma wannan ba sai da aka amsa cewa mai karɓa ma yana da bashi a wuyansa.

Bashin nan bai tsaya kan gwamnatoci da kamfanoni ba. A yau ɗalibi yana iya samo zane daga intanet cikin minti ɗaya, ya manna shi a kundinsa. Mujallu da yawa ma sun halatta haka, muddin an ambaci mai aikin. Amma ambaton suna rabin haƙƙin ne. Sauran rabin shi ne ya bi zanen har tushensa, ya duba mutum nawa aka ƙirga, ya duba ko an janye maƙalar, ya guji yanke gefen da bai yi masa daɗi ba. Idan nasa alƙaluman ne, ya ajiye su inda wani zai iya dubawa, ya san cewa wata rana wani ɗalibi zai iya rubuto masa yana cewa lissafin ya ƙi fita. Ranar da wasiƙar ta iso, abin da amana ke nema daga gare shi shi ne ya aika da jadawalin yadda yake, har da layukan da yake tsoron an tsallake.