Fita Kallon Halittar Allah a Daji: Hukuncinta da Ladubbanta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin itace da tsuntsu da ɗan Adam, Mai ciyar da kowannensu ba tare da gajiyawa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan nasiha wata tambaya ce da ta zo mana daga wasu malaman madarasa. Sun yi niyyar fita da ɗalibansu zuwa ɗan gandun dajin da ke kusa da tafkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, domin yara su ga itatuwa da tsuntsayen da ba su sani ba sai a suna. Sai iyaye suka rabu biyu wajen ƙin abin. Wasu suka ce yawon banza ne, aikin Nasara da marasa sana'a. Wasu kuma suka ce kurmi matattarar iskoki ce, ba wurin da za a kai ɗan Musulmi ba ne. Kafin mu amsa sai muka ga ya fi dacewa mu je mu gani da idonmu, domin fatawa daga kan buzu a kan abin da malami bai taɓa gani ba tana da haɗari.

Mun fita bayan sallar asuba, a ƙarshen kaka, an riga an ɗaure hatsi, sanyi ya fara sauka. Abin da ya fara kama mu shi ne kunya. Mun yi shekaru muna karantar da ɗalibai hukuncin wanke mamaci da ruwa da sidiri, muna fassara musu cewa sidiri shi ne magarya, amma da muka tsaya a tsakiyar itatuwa, wani yaro makiyayi ne ya zama malaminmu. Shi ya riƙa nuna mana: wannan marke ne, wancan ƙirya ce, ga kanya, ga aduwa, ga taramniya da geza da sabara. Ya san wanda awaki ke so, da wanda ake yin ƙotar gatari da shi, da wanda mata ke jiƙawa ga mai jego. Yawancin ƴaƴanmu na birni kuwa, in aka cire bedi wanda aka kawo daga ƙasar Indiya, ba su iya kiran sunan itace biyar.

Mun daɗe a gindin wani gawo. Yawancin itatuwa suna yin ganye da damana su zubar da rani, shi kuwa gawo Allah Ya juya masa al'amari: yana tsiraita lokacin da ruwa ke zuba, har hatsin da ke ƙarƙashinsa ya sami rana ya sha takin ganyen da ya kaɗe, sa'an nan ya yi kore shar lokacin da komai ya bushe, ya ba dabba inuwa da ƴaƴa a watannin da babu ciyawa. Wane ne ya sanar da shi lissafin watanni? Wane ne ya gaya wa shamuwa lokacin da za ta zo gabanin ruwa da lokacin da za ta koma kudu? A bakin tafkin mun ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, tare da wasu ƙananan tsuntsayen ruwa da ke ƙetaro teku da hamada daga Turai kowace shekara in sanyi ya kama can, ba guzuri ba ɗan jagora. A cikin kurmin kuma kurciya da cilakowa, da kurege da ya tsaya yana kallonmu, da sawun zabin daji a kan rairayi. Mun yi shiru na tsawon lokaci, kuma ba mu tuna ranar da tasbihi ya yi mana sauƙi a harshe kamar wannan safiya ba.

To, ga amsarmu ga kashi na farko na iyaye. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma a cikin Suratul An'ami Allah Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Abin da Allah Ya ce a duba, kallonsa ba ya zama wasa, sai fa in mai kallon ne ya tafi da zuciyar wasa. Saboda haka fita irin wannan halal ce a asalinta, kuma tana zama ibada ga wanda ya ƙulla niyyar tunani a kan ikon Ubangijinsa.

Maganar kashi na biyu ta fi nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Gaskiya ne a ƙasar nan an yi zamanin da ake yanka a gindin tsamiya da kuka, kuma har yanzu akwai ragowar masu yi. Wannan shirka ce, babu sassauci a cikinta. Amma laifin yana wuyan mai yankan. Ita tsamiyar baiwar Allah ce mai yi Masa tasbihi irin nata, ba ta roƙi kowa jinin akuya ba. Mun san za a kawo mana hujja da itatuwan Uzza da Halidu ɗan Walidu (R.A.) ya sare, da abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Umaru (R.A.) ya sa an sare itacen da mutane suka riƙa zuwa salla a gindinsa suna cewa nan aka yi mubaya'ar Ridwanu. Mun karɓa. Sai dai a lura, waɗannan itatuwa ne sanannu da aka keɓe da bauta ko aka ji tsoron fitina a kansu, kuma shugaban Musulmi ne ya ba da umurni. Wannan bai ba kowane saurayi mai gatari izinin ya faɗa wa kurmi da sunan yaƙi da shirka ba, balle wanda in ya gama jihadin nasa sai a ga itacen a kan amalanke an nufi kasuwa da shi. Amma tsoron aljannu, maganinsa addu'o'in safe da maraice da Manzon Allah (S.A.W.) ya koyar, kuma yaron da aka reno da tsoron inuwar kuka ya fi kusa da camfi a kan wanda aka kai shi gindinta aka ce masa wannan halitta ce kamarka. Batun ƙaburburan da ake ziyarta a kewayen tafkin kuwa magana ce mai zaman kanta, ba ita aka tambaye mu ba yau.

Saura ladubba, kuma a nan ne muka fi jin tsoro. Ɗalibai arba'in in aka sake su a ɗan daji ba tarbiyya, za su yi ɓarnar da fari ba su yi ba.

A bar danƙo a gida. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya hana jifa da tsakuwa, ya bayyana cewa abin da take jawowa shi ne karya haƙori da tsiyaye ido. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta farautar da ake yi don nishaɗi kawai, kuma tsuntsun da dutse ya kashe kafin a yanka shi mushe ne, ba a cinsa. Ke nan yaro ya kashe rai a banza. Kada kuma a taɓa sheƙa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, da Annabi (S.A.W.) ya gani sai ya nuna rashin yardarsa da an tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. A cikin wannan ruwaya dai ya hana ƙone gidan tururuwa da wuta. Wanda ya ji haka, yaya zai hura wutar shayi a cikin busasshiyar ciyawa ya tafi bai kashe ta ba?

Haka nan Muslim ya ruwaito hanin yin bayan gida a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa. Muna ganin ledar da ake watsarwa ta shiga ƙarƙashin ma'anar wannan hani, domin mahauta sun sha fitar da ita dunƙule daga tumbin dabbobi. Abin da kuka shiga da shi ku fito da shi. Kada a karya reshe don wasa, kada a sassaƙe bawon itace don rubuta suna. In lokacin salla ya yi a yi ta a can cikin jam'i, a kuma raba fitar maza da ta mata kamar yadda aka raba azuzuwansu.

Wani zai ce, daji na Allah ne, wa ya ba gwamnati ikon hana sara a cikinsa? Keɓe wuri don amfanin jama'a ba Nasara ne suka fara shi ba. Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru ya keɓe Rabaza, kuma Madina kanta an haramta sare itacenta da farautar namunta. Don haka bin dokar ma'aikatan gandun daji a kan wannan biyayya ce a cikin abin da shari'a ta san shi. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su buƙatar dogon bayani: sun ga yadda iska ta riƙa binne shuka a gonakin da aka share ƙwal. Bayan wannan ne manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma maimakon ƙone shi, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin ƙasarmu. Tun 1975 ake dashen itace ranar 3 ga watan Agusta, amma dashe bai maye gurbin tsohon kurmi, domin ƙiryar da aka sare yau, jikan mai saran ma da wuya ya ga irinta.

Abu na ƙarshe da ya wajaba mu faɗa wa malaman da suka yi tambaya: ran yaran amana ne a hannunku. Kowa ya san halin da yankin kan iyaka ya shiga a shekarun nan na ɓarayin shanu da masu satar mutane, musamman wajen dajin Baban Rafi. Kada a nufi can da ɗalibai. A tsaya kusa da gari, a sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji tun kafin ranar, a tambaye su ko hanya lafiya, in sun ce a dakata a dakata. A tafi da ruwan sha da takalma saboda ƙaya da maciji, a nemi wani dattijo ko makiyayi na wurin ya yi jagora, a kuma biya shi ladan wahalarsa. A fita da sassafe, a dawo kafin la'asar. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.